Itace Ba Abokin Gaba Ba Ne

Karatu: Maimaitawar Shari'a 20:19-20, Habakuk 2:9-17

Akwai wata kalma da ta sāke ma'ana a bakinmu cikin shekarun nan, ita ce kalmar daji. A dā idan aka ce wane ya tafi daji, ana nufin yana gona ne, ko farauta, ko saran itace, da yamma kuwa a zuba masa tuwonsa a rufe. Yau idan aka ce an shiga da wane daji, mata su ɗora hannu a ka, maza kuma su koma gefe suna lissafin abin da za a sayar a tara kuɗin fansa. Idan kana zaune a yammacin Jihar Kaduna, ko kana da dangi a can, ba sai na faɗa maka wane daji nake nufi ba. Sunayen Buruku da Udawa da Kuriga da Dogon Dawa da Randagi da Kuyello sun daɗe suna shiga addu'o'inmu na safiyar Lahadi. Saboda haka ban yi mamaki ba da na riƙa jin masu bi, har da dattawan ikkilisiya masu tsoron Allah, suna cewa maganin abin ɗaya ne, a sa wa dajin Birnin Gwari wuta, a sare shi ƙaf, a bar fili fetal yadda ɓarawo ba zai sami inuwar ɓuya ba. Wanda ya binne ɗansa ya faɗi haka, ba ni da bakin tsawata masa. Amma kai da kake riƙe da wannan littafi cikin natsuwa, ina so mu buɗe Maganar Allah tare mu ga ko ta yarda da wannan magani.

Bari mu fara da sanin abin da ake cewa a ƙone. A shekarar 1936 aka keɓe wani yanki na ƙasar Birnin Gwari a matsayin gandun dajin En'e. A watan Mayu na 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai fāɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Sarkin itatuwan wurin shi ne doka, sai baushe da taura da maje da ƙirya da kawo da ɗorawa, a bakin ƙoramu kuma tukurwa da kwakwa. An lissafta irin tsuntsaye 177 a cikinsa. An san shi da giwa da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa, da garken birai a kan duwatsu. A can ne ruwan Dogon Ruwa yake gangarowa daga kan dutse, a can ne Goron Dutse yake tsaye. Gbagyi da Kamuku da Hausawa da Fulani sun rayu a gefensa tun kafin Bature ya ja masa layi a takarda.

Ni da na haura shekara hamsin, na san wannan hanya tun ana bin ta da dare ba fargaba. Abin da na fi tunawa shi ne watan Fabrairu da Maris, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙurmus, ciyawa ta ƙone, amma doka ta fitar da sabon ganye ja kamar an shafa masa manja, tun ruwa bai sauka ba. Mahaifiyata takan ce doka ta riga kowa jin ƙanshin damina. Daga wannan daji ake samun kalwar da ake daddawa, da man kaɗanya, da zumar amya, da saiwoyin magani, da ciyawar jinka. Akwai kuma aikin da yake yi wanda ido ba ya gani. Ganyen da ya zuba yakan rufe ƙasa, ruwan sama ya sauka a hankali ya nitse, saiwa ta riƙe shi, sai ya riƙa tsattsafowa cikin ƙoramu har tsakiyar rani. Inda aka sare itatuwa, ruwan da ya kamata ya yi wata shida yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa yakan wuce cikin yini ɗaya, ya kwashi ƙasar noma, ya bar kwazazzabo. Rijiyar da ke bayan gidanka tana da alaƙa da itacen da ba ka taɓa gani ba.

Yadda wurin ya zama abin tsoro, ka sani. Abin ya fara da satar shanu, Fulani makiyaya kuwa suna cikin waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsa. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro. Wutar ta lafa, ta sāke tashi. Ranar 5 ga Mayu 2018 aka kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska. A daren 11 ga Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin koyon aikin gandun daji da ke Afaka, a bakin hanyar Birnin Gwari, wato yaran da ake koya wa kiwon daji su ne aka kora cikinsa da bakin bindiga. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga, 137 suka dawo bayan fiye da mako biyu. Tsakanin waɗannan ranaku da jaridu suka rubuta akwai ɗaruruwan ranaku da ba wanda ya rubuta, na manomin da aka harbe a kunyarsa, da direban da aka tare, da ƙauyen da aka tashi aka bar hatsi a rumbu. Musulmi sun yi kuka, Kirista sun yi kuka. Littafin Sama'ila na biyu, sura 18, ya ba da labarin yaƙin da aka yi tsakanin mutanen Dawuda da na Absalom a kurmin Ifraimu, inda marubucin ya ce waɗanda kurmin ya ci a ranar sun fi waɗanda takobi ya ci. Na karanta wannan aya sau da yawa a makarantar tauhidi kamar labarin wata ƙasa mai nisa. Yanzu ba na iya karanta ta da ƙarfi a kan bagadi sai na dakata.

To, a cikin irin wannan hali ne nake so ka dubi Maimaitawar Shari'a sura 20. Surar gaba ɗaya dokokin yaƙi ce. Ba ta yi kamar babu abokan gāba a duniya ba. A ƙarshenta Musa ya kawo maganar birnin da aka kewaye da yaƙi kwana da kwanaki, ya hana Isra'ila ɗora gatari a kan itatuwan birnin masu ba da 'ya'ya. Ya yarda su ci 'ya'yan, amma kada su sare. Sai ya kawo dalili ta hanyar tambaya, wadda ma'anarta a Ibrananci take kusa da haka: ashe itacen jeji mutum ne, da za ka kewaye shi da yaƙi? Ka lura da lokacin da aka ba da wannan doka. Ba lokacin salama ba ne, da mutum yake da sukunin tausayin itace. Soja yana cikin rana, an kashe abokinsa jiya daga kan garu, itatuwan kuma na abokan gāba ne, su suka dasa su, su za su ci amfaninsu idan yaƙin bai yi nasara ba. Sarakunan Assuriya sun mai da sare gonakin itatuwa dabarar yaƙi, har suna alfahari da ita a rubuce-rubucensu na dutse. Ubangiji ya ce mutanensa ba za su yi haka ba. Itacen bai ɗauki makami ba, ba ya iya gudu ya shiga birni ya rufe ƙofa, kuma bayan an binne mayaƙan duka biyu, jikokin wani za su nemi abin ci a ƙarƙashinsa.

Aya ta 20 ta ba da izinin saran itacen da ba ya ba da abinci, domin gina abin yaƙi, har zuwa ranar da birnin zai fāɗi. Akwai izini ke nan, amma an ɗaure shi da bukata, an kuma sa masa wa'adi. Kada wani ya ce maka Littafi Mai Tsarki ya hana taɓa itace. A Joshuwa sura 17, da zuriyar Yusufu suka yi kukan ƙarancin ƙasa, Joshuwa ya ce su hau kurmi su sare su zauna. Sulemanu ya gina Haikali da itacen al'ul na Lebanon. Ubangijinmu kansa a gidan masassaƙi ya girma, ya san ƙanshin sabon katako. Mu ba masu bautar itace ba ne, kakanninmu da yawa sun bar tsafin gindin kuka da tsamiya suka bi Almasihu, ba kuwa za mu koma ba. Abin da dokar ta hana shi ne sara na fushi da sara na haɗama, wato ɓarnar da ba ta san iyaka ba.

Hausawa suna cewa an bar jaki ana dukan taiki. Doka ba ta taɓa buga waya ta nemi kuɗin fansa ba. Idan itatuwa ne suke haifar da ɓarayi, me ya sa gabashin Sakkwato, wajen Isa da Sabon Birni, inda itatuwa ba su kai rabin na Kamuku kauri ba, suke cikin irin wannan wuta? Abin da ya ba ɓarawo dajin shi ne an bar wurin babu mai tsaro, babu alƙalin da talaka zai kai ƙara ya sami gaskiya, babu makaranta ga yaron ruga, ga bindiga tana shigowa kamar goro, ga masu kai rahoto da masu sayen shanun sata suna zaune cikin gari, wasunsu a sahun gaba na wuraren ibada. Annabi Yusha'u a sura 4 ya jera abin daki-daki. Ya fara da rashin gaskiya da rashin ƙauna da rashin sanin Allah a ƙasar, ya bi da rantsuwar ƙarya da kisa da sata da zub da jini a kan jini, sa'an nan ya ce saboda haka ƙasa take makoki, namomin jeji da tsuntsaye da kifaye suna ƙarewa. A wurin annabin, daji yana cikin waɗanda aka zalunta. Giwayen Kamuku ba su san abin da ya haɗa mu faɗa ba.

Haka abin yake a ƙarƙashin ƙasa ma. Allah ya sa zinariya a duwatsun Birnin Gwari, an kuwa san da ita tun zamanin Turawa. Amma ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, sa'ad da ake kai duwatsun zinariya cikin gidaje ana daka su a turmin da ake daka hatsi, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. A 2015 abin ya sāke faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka mutu. Ba wanda ya harbe su.

A ƙarshen watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Motoci suka koma hanya, manoma da yawa suka koma gonakin da suka bari. Mun yi godiya ga Allah, muna kuma roƙo abin ya ɗore, ko da yake wanda aka kashe masa miji yana da tambayoyi game da adalci waɗanda sulhu bai amsa ba tukuna. Sai dai ga abin da yake damuna. Hanyar da ta buɗe wa mai masara, ita ce ta buɗe wa mai injin yankan katako da mai tirelar gawayi. A 2021 gwamnatin jiha ta hana saran itace na kasuwanci a ƙananan hukumomi bakwai, har da Birnin Gwari, amma saboda tsaro ta yi, domin a toshe hanyar masu kai wa ɓarayi kaya. Idan tsoron bindiga ne kaɗai ya tsare itatuwan, ranar da tsoro ya kau me zai tsare su? Zai zama abin kunya a rubuta cewa dajin da ya tsira daga shekarun yaƙi, salama ce ta cinye shi.

Ka bi hanyar ka ga buhunan gawayi jere a bakin titi, an toshe bakinsu da ganye. Ƙirya aka fi nema, domin gawayinta yana da nauyi, yana daɗewa a murhu, ita kuwa ƙirya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Yadda ake ƙona gawayi a gargajiyance, a tara itace a rufe da ƙasa a sa wuta, buhu ɗaya yakan cinye itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye, sauran ya tafi a hayaƙi. Na san wata gwauruwa cikin 'yan gudun hijirar da suka zauna tare da mu, wadda ta ciyar da 'ya'ya biyar da wannan sana'a bayan an kashe mijinta an ƙwace gonar. Ba zan tsaya a kan bagadi in kira ta mai zunubi ba. Kuɗin da take samu a buhu bai kai rabin abin da ake sayar da shi a cikin Kaduna ba. In ɓera yana da sata, daddawa ma tana da wari. Gawayin nan gidajenmu yake zuwa, mu na birni. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, kuɗin komai ya tashi, gidaje da yawa da suka saba da gas ko kananzir suka koma gawayi da itace. Matar fasto ma ta san wannan lissafi.

Ba a ce wa mai jin yunwa ya daina dafa abinci. Amma akwai tazara mai yawa tsakanin murhun duwatsu uku, wanda yawancin zafinsa yake bin iska, da murhun da aka kewaye wutarsa. Akwai murhun ƙarfe da ake kira Save80, wanda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, an ba shi sunan ne domin yana rage itacen girki da kusan kashi 80 cikin ɗari. Akwai kuma na yumɓu da mace za ta iya ginawa da hannunta. Ka tuna yawan itacen da muke ƙonewa a taron zumuntar mata na shekara, da Kirsimeti, da bikin godiyar kaka, da kowace jana'iza, manyan tukwane goma a kan duwatsu, uwayenmu suna sharar hawaye cikin hayaƙi. Hayaƙin nan yana cin huhunsu da idanunsu. Ikkilisiyar da ta iya sayen manyan lasifikoki har huɗu za ta iya gina madafa mai kyau.

Wannan ya kawo ni kan maganar gini, inda nake ganin hannunmu ya fi shiga dumu-dumu. Mu mutane ne masu son gina majami'u, ba laifi ba ne. Amma ka taɓa zama a kwamitin gini ka ji an tambayi inda katakon ya fito? Ana tambayar farashi, ana tambayar ko ya bushe, ana tambayar ko gara za ta ci shi. Da Nehemiya ya tashi gyaran Urushalima, aikin Allah ne, sarki ma yana goyon bayansa, duk da haka ya roƙi wasiƙa zuwa wurin Asaf, mai lura da kurmin sarki, kafin a ba shi katakon ƙofofi. Bai ce tun da aikin na Ubangiji ne, a shiga da dare a saro ba. Habakuk kuwa a sura 2 ya yi magana a kan mutumin da ya gina gidansa da ƙazamar riba, ya ce dutse zai yi kuka daga jikin bango, katakon rufi kuma ya amsa masa. A cikin surar nan ne ya gaya wa Babila cewa ɓarnar da ta yi wa Lebanon da hallakar namomin jeji za su komo kanta. Ka ɗaga kai ranar Lahadi ka dubi katakon da ke bisa kanka. Idan an saro shi daga gandun da doka ta hana, idan mai motar ya biya masu bindiga haraji kafin su bar shi ya fito da shi, kuɗin baikonmu ya shiga aljihun da aka sayi harsashi da shi. Muna raira waƙa a ƙasa, katakon yana ba da tasa shaidar a sama.

Sa'an nan ka dubi irin ginin kansa. Mukan jera bulo na siminti mai rami, mu ɗora kwano kusa da kai, mu sa tagogin gilashi masu zamewa waɗanda rabinsu kaɗai yake buɗuwa, mu sare dalbejiyar da ke filin domin ta tare fuskar ginin. Da watan Afrilu ya zo, ɗakin ya zama tanda. Sai mu sayi fankoki, fankoki su bukaci janareta, janareta ya bukaci mai, ƙararsa kuma ta sa a ƙara ƙarfin lasifika. Na ga ikkilisiyoyin da kuɗin man janaretansu a wata ya fi abin da suke ba gwauraye da marayu. Siminti kuwa ba kyauta yake zuwa wa duniya ba, masana'antunsa suna fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar da take ɗumama duniya.

Idan Allah ya kai ka Zariya, ka ratse Wusasa ka shiga majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki ta Angilikan, wadda aka gina a 1929 da ƙasa, irin ginin Hausa. Shekara kusan ɗari ke nan tana tsaye. Maginan Hausa sun san abin da yanzu ake koyarwa a jami'o'i da sunan gini mai kiyaye muhalli. Katangar tubali mai kauri takan sha zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ciki dare ya yi, da dare kuma ta sake shi sa'ad da ake bukatarsa a lokacin hunturu. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta. Makuba da ake shafe bango da ita don kada ruwa ya ci, daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Ƙasar ginin daga kududdufin bayan gari take, ranar da ginin ya gama aikinsa kuma ya koma ƙasa. Har rawanin da ake yi wa soro yana tuna mini da Maimaitawar Shari'a 22:8, inda aka umarci mai sabon gida ya kewaye rufinsa don kada wani ya fāɗo, jininsa ya hau kan gidan. Allah ya damu da yadda ake gini.

Ban ce mu rushe abin da muka gina mu koma tubali ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, ruwan Birnin Gwari ya fi na Kano yawa, giginya ma ta yi wuya, ba ta kuwa isa azara sai ta shekara da yawa. Amma hikimar tana nan, ana iya ɗaukarta. Idan za ku gina, ku sa doguwar fuskar ginin ta dubi arewa da kudu, don kada ranar safe da ta yamma su riƙa dukan dogon bango. Ku ɗaga rufin, ku bar ƙofofin iska a can sama inda zafi yake taruwa, ku sa tagogi su dubi juna. Ku bar bakin rufin ya fito sosai ya yi wa bango laima. Akwai bulo na jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan, yana da ƙarfi, ya kuma fi sanyi. Ku sa indararo da tanki, rufin majami'a mai girma yana zubar da ruwan da zai ishi gidan fasto da makarantar yara watanni. Faranti kaɗan na hasken rana sun isa fitilu da fankoki da lasifika daidai kunne. Kafin a haƙa harsashi kuma, a zaga filin a ga waɗanne itatuwa za a bari, musamman na yamma.

Game da gonakin da aka riga aka share da dajin da aka riga aka sare, zan kai ka Maradi, a Jamhuriyar Nijar. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan na SIM daga Ostireliya, mai suna Tony Rinaudo, yana ta dashen itatuwa a can, yawancinsu suna mutuwa, rana ta ƙone wasu, awaki su ci wasu. A 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda manoma suke sassabewa kowace shekara, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Ba a bukatar dasa komai. Aka fara koya wa manoma su bar wasu su gyara su, bayan yunwar 1984 abin ya fara yaɗuwa, manomi yana gani a gonar maƙwabcinsa yana kwaikwaya. Suka sa masa suna sassabin zamani. Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne da manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba in ya yi amfani da shi. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa kusan miliyan 200, har da gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki.

Ayuba, a cikin tsananin baƙin cikinsa, ya ce a sura 14 itace yana da sa zuciya, ko an sare shi zai sāke toho, ko kututturensa ya tsufa a ƙasa, da ya ji ƙanshin ruwa zai tsiro. Ishaya kuma da ya so ya kwatanta zuwan Almasihu, toho ya gani yana fitowa daga kututturen Yesse. Ruwan da yake sauka a Birnin Gwari ya kusa ninka na Maradi sau biyu, doka da taura da maje kuwa suna cikin itatuwan da suka fi saurin tohowa daga kututture da saiwa. Gonakin da aka gudu aka bari shekara biyar ko bakwai sun cika da irin wannan toho yanzu, masu komawa kuma da adda da ashana suke komawa.

Idan kana cikinsu, ko kana da ɗan'uwa a cikinsu, ga yadda ake yi. Kafin ka sassabe, ka zaga gonar ka zaɓi kututturen da kake so, na ɗorawa da kaɗanya da ƙirya da taura da duk wanda ka san amfaninsa. A kowane kututture ka bar toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, kana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka rage rassan gefe har zuwa rabin tsayinsa. Ka ɗaura masa tsumma, domin yaro ko ɗan ƙwadago ya san an bar shi da gangan. Ka janye tarin ciyawar da za ka ƙone nesa da shi. Bayan wata huɗu ko shida ka komo ka sāke gyarawa, abin da ka yanke ya zama itacen girkin gida. Ka yi magana da makiyayin da yake ratsa wurin da rani, da maƙwabcin gonarka, da mai unguwa, domin toho ba ya tsira idan mutum ɗaya ne kaɗai ya san da shi. A shekara ta biyu sai ka cire ɗaya daga cikin sandunan, ka bar sauran su yi kauri.